Farcen teku ko ƙaron ladan: wanne ne "shehelet" na turaren Attaura?

A cikin Littafin Fitowa, sura ta 30, daga aya ta 34 zuwa ta 38, an umarci Annabi Musa ya haɗa wani turaren wuta na musamman wanda za a riƙa ƙonawa a cikin alfarwar ibada, aka kuma ambaci kayan haɗi guda 4 da za a auna su daidai wa daida, a daka su, a sa musu gishiri. Sunayensu da Ibrananci su ne nataf, shehelet, helbena da lebona. Na ƙarshen ba shi da wata matsala, domin lubban ne da kowa ya sani, kuma helbena ƙaro ne mai ƙarfin wari da ake samu daga wani tsiro na ƙasar Farisa. Akwai ɗan saɓani a kan nataf, amma kusan kowa ya yarda cewa wani ƙaro ne da yake ɗiga daga bishiya, saboda asalin kalmar yana nufin ɗigo. Shehelet ce ta gagari masana, kuma babban dalili shi ne sau ɗaya tak kalmar ta zo a cikin dukan littattafan Ibrananci masu tsarki, ba ta da wata 'yar'uwa a wata aya da za a gwada ta da ita a gane ma'anarta.

Masu fassara da yawa a harsunan duniya sun kauce wa matsalar ta hanyar aro kalmar Girkanci "onika" su ajiye ta yadda take, sai mai karatu ya wuce bai san ko itace ne, ko dutse, ko dabba ba. Amma malamin da ɗalibi ya tsare da tambaya, da mai fassarar da yake son kalmar da Bahaushe zai gane, da mai binciken tarihin turare, duk dole ne su tsaya a kan wani abu guda. Abubuwan da aka fi kawowa su ne farcen teku, da ƙaron ladan, da wata saiwa ko tsiro, sai kuma wasu 'yan ƙananan ra'ayoyi. Ma'aunin da ya dace a auna su da shi kuwa bai wuce tambayoyi kaɗan ba: me tsofaffin fassarori suka ce, ko abin ya dace da yadda aka bayyana sarrafa shi, ko ana iya samunsa a wannan yanki a wancan zamani, da kuma ko dokar addinin Yahudawa za ta yarda a kai shi kan bagadi.

Farcen teku ba baƙo ba ne ga duk wadda ta taɓa haɗa humra ko turaren wuta irin na Barno. Shi ne murfin nan mai tauri da wasu manyan dodannin koɗi na teku suke rufe bakin katantanwarsu da shi idan sun shige ciki, kuma siffarsa ta yi kama da farcen mutum ko ƙambar dabba, launinsa ruwan ƙasa zuwa baƙi-baƙi. Larabawa suna kiransa azfarut ɗib, wato faratan ƙamshi, mutanen Sudan suna ce masa dufra, Indiyawa suna ce masa nak, wanda shi ma farce yake nufi, kuma a Sin da Japan ma an daɗe ana sa shi a cikin turaren ƙonawa. Idan aka jefa shi ɗanye a garwashi, ƙauri yake yi kamar na gashi ko ƙaho da ƙarnin kifi, saboda haka ba a amfani da shi sai an jiƙa shi, an kankare ragowar naman da yake manne a jikinsa, an wanke, an shanya, an soya ko an gasa, sannan a daka. Aikinsa a cikin haɗi shi ne ya riƙe ƙamshin sauran kayan ya sa ya daɗe a tufafi da ɗaki, tare da ƙara wa turaren wani nauyi da kayan itatuwa zalla ba sa bayarwa.

Hujjar farko da take goyon bayan farce ita ce ta fassara, kuma tana da ƙarfi ƙwarai. Fassarar Girkanci ta Attaura, wadda Yahudawan Iskandariya suka yi a wajajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, a lokacin da Haikali, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa na birnin Ƙudus, yake tsaye kuma ake ƙona wannan turare safe da yamma, ta sa kalmar "onuks" (asalin "onika") a gurbin shehelet, ma'anarta kuwa farce. Fassarar Aramiyanci ta Onkelos ta sa "tufra", wadda ita ma farce ce, kuma tushenta ɗaya da "zufur" na Larabci da "dufra" na Sudan. Malaman Talmud, wato babban kundin shari'a da muhawarorin malaman Yahudawa, sun kira shi "tsiforen", kalmar Ibrananci ta farce. Harsuna uku ke nan, daga wurare daban-daban, suka haɗu a kan suna ɗaya. Da sunan zai tsaya shi kaɗai, da sai a ce wataƙila wani abu ne dabam mai kama da farce, amma likitan nan Bagirke, Diyoskoridis, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 1 miladiyya, ya bayyana abin da 'yan kasuwar zamaninsa suke nufi da onuks ba tare da wata kwana ba: murfin wata halittar ruwa ce mai katantanwa, mafi kyawunsa shi ne mai haske da ake kawowa daga Bahar Maliya, akwai kuma baƙi ƙarami na Babila, kuma ana ƙona su domin hayaƙinsu. Wannan yana nuna cewa Bagirken da ya karanta fassarar Iskandariya a wancan lokaci, abin da zai zo masa a rai shi ne wannan murfi da ake sayarwa a kasuwar turare.

Hujja ta biyu ita ce wadda ni na fi ba wa nauyi, domin ta shafi aikin hannu, kuma aikin hannu ba ya ɓoye gaskiyar abin da ake sarrafawa. A cikin Talmud na Babila, a sashen Keritot, an kawo cikakken tsarin haɗin turaren Haikali da kaya 11. Huɗu daga ciki, har da tsiforen, kowanne ana auna mane 70 (mane wani tsohon ma'aunin nauyi ne). Wasu huɗu kowanne mane 16. Sai kust, wata saiwa mai ƙamshi, mane 12, da wani ɓawon itace mane 3, da kirfa mane 9. Jimilla mane 368 ke nan, wato mane ɗaya ga kowace rana ta shekara mai kwana 365, rabi da safe rabi da yamma, sauran 3 kuma na Ranar Kafara, babbar ranar azumi da neman gafara ta Yahudawa. A cikin kayan nan 11, tsiforen kaɗai aka ware wa gyara na musamman kafin a daka shi. An ce a goge shi da wani sinadarin wanki da ake kira borit karshina domin ya yi kyau, sannan a jiƙa shi a cikin giyar inabi da ake kira kafrisin, wadda wasu suka ce ta tsibirin Kubrus ce, domin ƙamshinsa ya yi ƙarfi, idan kuma ba a samu ba a yi amfani da tsohuwar farar giya. Har an ƙara da cewa fitsari ma zai yi wannan aiki, sai dai ba a shigar da shi farfajiyar Haikali saboda girmamawa.

Duk wanda ya san ƙaro ya san ba a yi masa haka. Ƙaro irin ladan ko lubban idan aka tsoma shi a cikin barasa narkewa yake fara yi ya saki ƙamshinsa a cikin ruwan, kuma babu wani datti mai ƙarni a jikinsa da zai buƙaci a dirje shi da sinadarin wanki. Abin da yake buƙatar dirzawa da jiƙawa kafin ya cancanci shiga turare shi ne abu mai tauri wanda ya fito daga jikin dabba da ragowar nama da ƙarni, kuma matakan da Talmud ya lissafa sun yi kusa ƙwarai da abin da mata masu haɗa humra suke yi wa farce har yau, ko da yake ruwan jiƙon ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A shekarar 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Southern Cross ta Ostireliya, ƙarƙashin jagorancin Kirsten Benkendorff, sun gwada murafan wasu dodannin koɗi na dangin mureks, suka gano cewa hayaƙinsu yana ɗauke da sinadaran fenol, irin waɗanda masu turare suke amfani da su wajen riƙe ƙamshi, suka kuma gano cewa jiƙa murfin a cikin barasa ko ruwan tsami yana cire sinadarin firidin mai wari da cutarwa. Binciken bai tabbatar da ma'anar kalmar shehelet ba, domin gwajin sinadari ba ya fassara kalma, amma ya nuna cewa gyaran da tsofaffin malaman suka bayyana yana da amfani na zahiri idan abin da ake gyarawa farcen teku ne.

Akwai ƙarin shaidu da suke jingina da waɗannan. Yusufus, masanin tarihin Yahudawa wanda shi kansa daga gidan firistoci ya fito kuma ya ga Haikali kafin Rumawa su rushe shi a shekarar 70 miladiyya, ya ce kayan turaren an tattaro su ne daga teku da kuma tudu. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 12, da ya zo lissafa kayan da sunayensu na Larabci, azfarut ɗib ya rubuta, ya kuma ce shi ne tsiforen ɗin da mutane suke sawa a turaren wutarsu. Ramban, malamin Yahudawa na Kataloniya ta ƙasar Sifen, a ƙarni na 13, ya ce daga teku yake fitowa. Mai karatu Musulmi kuma zai tuna da hadisin Ummu Aɗiyya da yake cikin Bukhari da Muslim, inda aka yi wa mace mai takaba rangwamen amfani da ɗan kust ko azfar idan ta yi tsarki daga haila, abin da yake nuna cewa a Hijaz ta ƙarni na 7 farce kayan turare ne sananne, kuma ana ambatonsa tare da kust, wanda shi ma yana cikin kaya 11 na Haikali.

Babbar matsalar farce ita ce ta tsarki. Littafin Firistoci, sura ta 11, ya bayyana duk halittar ruwa da ba ta da ƙege da ɓamɓaroki a matsayin abin ƙyama, kuma dodon koɗi yana cikin wannan rukuni ba tare da shakka ba. Masu adawa da farce suna tambaya yadda za a ɗauki ɓangaren jikin irin wannan halitta a ƙona shi a wuri mafi tsarki, a cikin turaren da aka hana kowa ya haɗa irinsa don kansa. Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Amsar da ake bayarwa ita ce haramcin na ci ne, kuma murfin da ya bushe ya zama kamar ƙaho ba abinci ba ne. Bayan haka, rinin shuɗi da ake kira tekelet da na shunayya, waɗanda aka rina tufafin babban firist da labulen alfarwa da su, daga jikin dodon koɗin mureks ake tatso su, wato an riga an shigar da abin da ya fito daga wannan halitta cikin kayan ibada. Musa bin Maimun ma ya ɗauki "mor" na man shafewa mai tsarki a matsayin miski da ake samu daga dabba, ko da yake wani malami na zamaninsa, Ra'abad, ya yi masa raddi mai zafi a kan haka. Wannan raddi yana nuna cewa malaman Yahudawa da kansu ba su taɓa zama baki ɗaya a kan ƙa'idar ba, saboda haka matsalar tsarki ta rage wa farce ƙarfi amma ba ta kayar da shi ba.

Matsala ta biyu daga cikin Talmud ɗin take fitowa. A wata muhawara a shafin da yake biye da tsarin haɗin, malaman sun ɗauki shehelet a matsayin misalin abin da yake tsirowa daga ƙasa, suka bambanta shi da nataf wanda yake fitowa daga bishiya. A kan wannan ne Rashi, babban mai sharhi na Faransa wanda ya rasu a 1105, ya ce saiwa ce mai ƙamshi, mai santsi da sheƙi kamar farce. Ra'ayin yana da darajar warware matsalar tsarki, kuma saiwa tana iya buƙatar wanki da jiƙo. Rauninsa shi ne bai ambaci sunan tsiron ba, kuma babu wata saiwa da aka sani a kasuwannin turaren Bahar Rum ko Bahar Maliya da sunan farce. Rashi yana rubutu ne a arewacin Faransa, fiye da shekara 1000 bayan rushewar Haikali, nesa da kasuwannin da ake sayar da azfar, alhali Musa bin Maimun yana zaune a Masar inda kayan suke wucewa ta gabansa. Akwai kuma masana harshe na zamani da suka lura cewa shehelet ta yi kama da kalmomin da suke nufin lansir a harsunan Akadiyanci da Aramiyanci da Ibranancin baya, har ma kalma mai irin waɗannan baƙaƙe ta bayyana a wani jerin kayayyaki na Ugarit, wani tsohon birni a gaɓar tekun Siriya. Kamannin sauti na gaske ne, sai dai lansir ba kayan turare ba ne, kuma da wuya a auna shi daidai da lubban a cikin haɗi mafi daraja.

Ladan shi ne abokin hamayya na gaske. Ƙaro ne baƙi mai danƙo da yake fitowa a jikin ganyen wani ɗan tsiro mai suna Cistus, wanda yake yaɗuwa a tsaunukan da suke kewaye da Bahar Rum, har da Falasɗinu da tsibiran Kubrus da Karita. Herodotus, masanin tarihi Bagirke, tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin yadda ake tsefo shi daga gemun bunsurai da suka yi kiwo a cikin tsiron, kuma a Karita ana tattara shi da wani abu mai kama da manjagara da aka ɗaura wa tsinkayen fata. Ƙamshinsa mai daɗi ne da zurfi, yana da ɗan kamannin ambar, yana ƙonuwa da kyau, kuma babu wata dokar tsarki da ta taɓa shi. Sa'adiya Ga'on, malamin Yahudawa wanda aka haifa a Fayyum ta Masar a 882 ya kuma shugabanci makarantar Sura a Iraƙi, ya sa ladan a gurbin shehelet a cikin fassararsa ta Attaura zuwa Larabci, kuma shi mutum ne da ba a raina saninsa na harshe. Masu wannan ra'ayi suna ƙara da cewa sauran kayan 3 na ayar duk ƙaro ne, saboda haka ya fi dacewa na huɗun ma ya zama ƙaro.

Duk da haka, ladan yana faɗuwa a wurare biyu. Na farko, Ibrananci yana da wata kalma, "lot", wadda ta zo a Littafin Farawa cikin kayan da ayarin Isma'ilawa suka ɗauko zuwa Masar a labarin Annabi Yusuf, da kuma cikin tsarabar da Annabi Yakubu ya aika, kuma masana da yawa sun ɗauke ta a matsayin ladan. Idan haka ne, sai a yi bayanin dalilin da ya sa aka bar sanannen suna aka ɗauko wani. Na biyu, babu abin da ya haɗa ladan da farce sai bayanan da aka ƙago daga baya, kamar cewa ɗigon da yake gindin furen tsiron ya yi kama da farce, alhali nau'in da ya shahara da wannan ɗigo a Sifen da Fotugal da Maroko yake fitowa, can yammacin Bahar Rum. Ga kuma batun dirzawa da jiƙawa, wanda bai dace da ƙaro mai danƙo ba ko kaɗan. Wanda ya zaɓi ladan dole ne ya yarda cewa masu fassarar Iskandariya da Onkelos da malaman Talmud duk sun kauce a tare, kuma wannan kaya ne mai nauyi ga hujjar fassara guda ɗaya ta ƙarni na 10.

Sauran ra'ayoyin ba sa buƙatar dogon tsayi. Luban jawi daga Sumatara yake zuwa, kuma shahararsa a ƙasashen Larabawa ta zamanin Musulunci ce. Kanumfari ana kiransa tsiforen a Ibranancin yau saboda siffarsa, amma wannan suna ne na baya, kuma asalin kanumfari tsibiran Maluku ne. Ƙaron muƙul yana da ɗan abin riƙewa, tunda Filini, marubucin nan Barome, ya ce irin na Baktariya, a wajen arewacin Afganistan ta yau, yana da fararen ɗigo masu kama da farce, sai dai shi ma ana ganin yana da nasa suna a Attaura, wato bedola.

Abin da yake sauƙaƙa zaɓi shi ne a raba tambayar gida biyu. Idan ana tambaya ne a kan abin da firistoci suke dakawa a zamanin Haikali na biyu, wato wanda Rumawa suka rushe, to farcen teku ya fi kowanne hujja da tazara mai faɗi, domin sunan da aka ba shi a harsuna uku, da bayanin Diyoskoridis, da hanyar gyaransa, da kusancin Bahar Maliya duk sun nufi wuri ɗaya. Idan kuma ana tambaya ne a kan abin da kalmar shehelet take nufi tun asali, ɗaruruwan shekaru kafin fassarar Girkanci, to nan ƙofa tana buɗe kaɗan ga ladan ko wani tsiro, saboda mai yiwuwa ne ma'anar ta sauya a tsakanin zamunan, kuma maganar Talmud ta cewa daga ƙasa yake tsirowa tana iya zama ragowar wata tsohuwar fahimta.

Shawarata ga mai fassara ko mai koyarwa da Hausa ita ce ya rubuta "farce" ko "farcen turare" a cikin ayar, tunda kalmar tana raye a bakin masu haɗa turare kuma ita ce daidai da abin da Girkanci da Aramiyanci suka faɗa, sannan ya ƙara ɗan bayani a gefe cewa Sa'adiya ya fassara ta da ladan, Rashi kuma ya ɗauke ta saiwa. Wanda yake koyar da jama'ar da suke bin ra'ayin cewa ba a shigar da komai na dabba marar tsarki cikin kayan bagadi, ladan ne zai fi masa sauƙin karewa, amma ya kamata ya gaya wa ɗalibansa a fili cewa ya fifita hujjar shari'a ne a kan hujjar fassara da ta sarrafawa. Mai son nuna wa ɗalibai bambancin a aikace kuwa, ya ɗora ɗanyen farce a garwashi su ji ƙaurinsa, ya biyo da wanda aka jiƙa aka soya aka cuɗa da lubban, sannan ya ƙona ladan shi kaɗai, ya karanta musu matakan gogewa da jiƙon da suke cikin Keritot, su faɗi wanne daga cikin biyun ne yake buƙatarsu.